Burodin Gicciye: Dalilin da Ya Sa Turawa Ke Cacar Baki Kan Ɗan Burodin Ista Duk Shekara

Ranar 26 ga Disamba, washegarin Kirsimeti, tun ba a gama kwashe kayan ado ba, manyan kantunan Ostireliya guda biyu, Coles da Woolworths, sukan jera wani ɗan burodi mai zanen gicciye a kansa. Burodin na bikin Ista ne, Ista kuwa sai bayan wata uku, wata shekarar ma kusan huɗu. Nan take sai cacar baki ta ɓarke. Gidajen rediyo su buɗe layi, jaridu su ɗauka, a Facebook kowa ya amayar da abin da ke cikinsa. Wasu su ce an wulaƙanta al'ada, wasu su ce to wa ya kama hannunka ya ce sai ka saya? Shekara ta zagayo a sake sabon lale. A Birtaniya, inda burodin ya samo asali, abin ya ma wuce nan, domin akwai kantunan da ba sa ɗauke shi daga kan kanta daga Janairu har Disamba.

Turawan Ingila suna kiransa hot cross bun, mu a nan mu ce masa burodin gicciye. Kada hankalin mai karatu ya tafi kan bons ɗin da ake soyawa a mai ana talla cikin akwatin gilashi a tasha, wannan gasa shi ake yi. Fulawa ake kwaɓawa da yis da madara da bota da sukari, a zuba kirfa da kanumfari da gyaɗar ƙamshi, a watsa zabibi da ɓawon lemo da aka dafa a sukari aka yayyanka. In kwaɓin ya tashi sai a mulmula shi kamar girman dunƙulen hannu, a jera a faranti suna manne da juna, a zana wa kowanne gicciye da ƙullun fulawa da ruwa zalla, a sa a oban. Yana fitowa a shafa masa ruwan sukari, ya yi sheƙi, yana danƙo a yatsa. Gicciyen kansa salam yake, alama ce kawai. Amurkawa ne suka ga ba za su iya da salam ba, suka koma zana nasu da farin sukari bayan an gasa.

Ranarsa ta asali guda ɗaya ce tak: Juma'ar da ke gabanin Lahadin Ista, wadda Kiristoci ke kira Juma'a Mai Kyau, ranar da suka yi imani an gicciye Yesu Almasihu. Ita ce Juma'ar da ake ba da hutu a Najeriya tare da Litinin ɗin da ke biyo bayanta. Tana zuwa ne a ƙarshen azumin kwana 40 da ke farawa daga Larabar Toka. A Turai ta zamanin da, wannan azumi rage ci ne da ƙaurace wa nama da ƙwai da madara da man shanu. Mutumin da ya shafe mako shida yana cin abinci lami, ka miƙa masa burodi mai zaƙi da ƙamshi da zafinsa, ba sai an yi masa bayanin daɗinsa ba. Rabin ɗanɗanon burodin nan daga yunwa da jira ya fito, kuma duk rigimar da ake yi yau, in ka tone ta, a nan gindinta yake.

Game da asalinsa, labarin da ya fi yaɗuwa shi ne na garin Sent Albans, arewa da Landan. An ce a 1361 wani rahibi mai suna Thomas Rocliffe ya fara yin wani ɗan burodi mai kayan ƙamshi yana raba wa matalauta a wannan Juma'a. Labari ne da aka gada, kuma babban cocin garin ya riƙe shi da hannu biyu, har yau yana sayar da irin burodin a lokacin azumi. Nasu da wuƙa ake tsaga gicciyen, ba a zana shi da ƙullu. Cocin yana ɓoye cikakken haɗin, amma daga cikin abubuwan da yake ambata akwai citta mai 'ya'ya, wadda Turawa ke kira ƙwayar aljanna, a da suna samunta daga Afirka ta Yamma ta hannun fatake. Wato citta irin wadda ke cikin yajinmu tana da hannu a tsohon burodin Ingila. Masu cewa al'adar ta samo asali daga maguzawan Turai da ke yi wa wata gunkiyar bazara burodi kuwa, hujjarsu ba ta da ƙarfi. Tsaga kan burodi da wuƙa don ya yi sauƙin gutsurawa tsohon abu ne da ake yi tun zamanin Rumawa, ba sai an nemo masa gunki ba.

Abin da ke rubuce a takarda ya fi labarin rahibin amfani ga mai son fahimtar rigimar yau. A 1592, zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, jami'in da ke kula da kasuwannin Landan ya kafa doka: babu mai gidan burodin da zai yi ko ya sayar da burodi mai kayan ƙamshi sai a lokuta uku, wato wurin jana'iza, da Juma'ar da ke gabanin Ista, da Kirsimeti. Wanda aka kama ya saɓa, a ƙwace burodin a raba wa talakawa. To, ai ba a kafa doka a kan abin da ba a yi. Da masu burodin Landan ba sa sayar da shi a sauran ranaku, da babu dalilin hana su. Ke nan ɗan kasuwa mai son sayarwa kullum da mai cewa a jira lokaci sun fi shekara 400 suna ja-in-ja. Bambancin kawai shi ne a da hukuma tana bayan mai cewa a jira, yau kuwa ba shi da kowa sai bakinsa. Masu kukan cewa kantunan zamani ne suka ɓata tsari mai tsarki da kakanni suka bi da son ransu, ya kamata su san cewa kakannin ma sai da aka sa musu takunkumi.

Sunan da ake kiransa da shi yanzu ya fara bayyana a rubuce a 1733, cikin wata kalandar shekara da ta ambaci tsohuwa mai talla tana yawo da shi a titi, ɗaya kwabo, biyu kwabo. Da zafinsa ake tallarsa da sassafe, daga nan kalmar zafi ta manne wa sunan. Kirarin tallar ya rikiɗe ya zama waƙar yara da har yau ake koya wa masu fara busa sarewa a makarantun Ingila da Amurka.

Sai kuma camfe-camfe, waɗanda su ma ke nuna yadda ranar ta fi burodin muhimmanci. An yi imani cewa wanda aka gasa a wannan Juma'a ba ya fumfuna har shekara ta zagayo. Akan rataye ɗaya a madafa don tsarin gobara, matuƙan jirgin ruwa su tafi da shi don kada jirgi ya nutse, a kankare busasshen a zuba a ruwa a ba mai ciwon ciki. Duk waɗannan sharaɗinsu ɗaya ne, sai an gasa shi a ranar. Na Alhamis ko na Asabar burodi ne kawai. A unguwar Bromley-by-Bow da ke gabashin Landan akwai wata mashaya mai suna The Widow's Son, wato ɗan gwauruwa, inda duk Juma'ar Ista wani sojan ruwa ke zuwa ya ƙara burodi ɗaya cikin wata raga da ke rataye a sama. Labarin da ake bayarwa shi ne wata mata ce ɗanta ya tafi teku ya ce ta ajiye masa burodin Ista, bai dawo ba, ita kuma ba ta daina ajiyewa duk shekara ba. Gaskiya ne ko ƙage, ragar dai tana nan.

Yanzu mu dubi masu ra'ayi. Mafi yawan surutu kan lokaci ne. Masu riƙon al'ada suna cewa abin da ake samu kullum ya daina zama na biki, kuma a nan ina tare da su. Nama yana nan a kasuwa kowace rana, amma kowa ya san soyayyen naman layya daban ne, kuma da wani zai buɗe shago yana sayar da naman Sallah a leda tun watan Muharram, da ba a daɗe ba sunan zai tashi daga aiki. Haka ya faru da burodin gicciye a Birtaniya. Yaron da ya tashi yana cin sa da shayi a watan Agusta, ranar Ista ba ta da wani sabon ƙamshi a wurinsa.

Kantunan suna da tasu amsar, kuma tana da wuyar turewa: mutane suna saye. A Ostireliya sukan sanar cewa sun sayar da miliyoyi tun Janairu bai ƙare ba. Lissafinsu a fili yake. Da an kwashe kayan Kirsimeti, kanta ta zama fayau, Janairu kuma wata ne na ƙarancin ciniki, dole a nemo abin da zai ja ƙafar mai saye. Ista ba ta da tsayayyar rana, tana faɗowa ne tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu gwargwadon cikar wata, don haka ɗan kasuwa ya fi son ya kafa wa kansa ranar farawa da ba ta motsi. Injinan da ke kwaɓawa da zana gicciyen kuɗi aka zuba aka saya, ba wanda zai bar su suna hutawa wata goma sha ɗaya. Surutun da ake yi duk Disamba ma riba ne, talla ce da ba su biya ko sisi ba. Ina kyautata zaton cikin masu zagin da safe akwai waɗanda ke jefa leda ɗaya a kwandon sayayya da yamma, in ba haka ba su wa ke cinye miliyoyin?

Akwai wani abin dariya a lamarin Ostireliya. A Ingila Ista tana zuwa ne lokacin da sanyi ke janyewa, burodi mai zafi da kirfa ya dace da yanayin. A Ostireliya kuwa ƙarshen Disamba tsakiyar bazarar zafi ne, mutane na bakin teku suna neman ƙanƙara. A cikin wannan zufa ake tura musu burodin da aka ƙirƙira don safiyar sanyi, kuma suna ci.

Waɗanda abin ya fi shafa a aljihu su ne ƙananan gidajen burodi. A da makon Ista kakarsu ce, a yi layi a ƙofarsu tun asuba. Yanzu kafin makon ya zo, mai saye ya ci na babban kanti mai araha har ya gundure shi. Wani tsohon gidan burodi na Melbon, Ferguson Plarre, ya mayar da martani ta hanyar fito da irin burodin amma da zanen fuska mai murmushi maimakon gicciye, yana cewa mai gicciyen sai Ista ta matso. Dabara ce mai kyau, sai dai in ka duba, shi ma burodin nan ne dai yake sayarwa kafin lokaci, alamar kawai ya sauya. Kasuwa ba ta bar kowa ya tsaya a gefe ba.

Rukuni na biyu na rigimar kan haɗi ne. An fara da cire zabibi don yara, aka zuba cakulan, aka zo kan tuffa da kirfa, aka wuce zuwa narkakken sukari mai gishiri. Daga nan aka tsallaka gaba ɗaya daga zaƙi: kantin Marks & Spencer a Birtaniya ya yi mai cukwi da Marmite, Coles ya yi mai cukwi da Vegemite, waɗannan kuwa baƙin abin shafa wa burodi ne mai gishiri da ake yi daga yis. Masu riƙon al'ada suna cewa in babu zabibi babu kayan ƙamshi, to burodi ne kawai da aka yi wa zane. Sauran ƙananan gardandami ba su da iyaka. Akwai maƙiya ɓawon lemo, masu tsince shi ɗaya bayan ɗaya suna ɓata rai. Akwai masu cewa sai an raba shi biyu an gasa an lafta bota, da masu cewa sabon fitowa ba ya buƙatar wuta ta biyu. Sukarin da ke kansa yakan ƙone cikin na'urar gasa burodi ya cika gida da hayaƙi. Likitocin dabbobi kuma duk Ista sai sun yi gargaɗi cewa zabibi guba ne ga kare.

Ni wannan ɓangaren bai dame ni sosai ba, dalilina kuwa Jamaika da Bamuda. Turawan mulkin mallaka sun kai burodin Jamaika, mutanen can suka juya shi yadda ransu ke so. Ya zama ƙaton burodi baƙi mai nauyi, da baƙin ruwan rake mai kauri, sau da yawa har da baƙar giya a kwaɓin, gicciyen ma ya ɓace, ana yanka shi a ci da cukwi na gwangwani. Ana samun ƙananansa duk shekara, amma babban na Ista ne, kuma Bajamaike ko a Landan yake ko a Toronto sai ya neme shi a wannan mako. A Bamuda kuwa tsaga burodin gicciyen ake yi a cusa masa soyayyen kifi mai gishiri da aka haɗa da dankalin Turawa, a ci a ranar Juma'ar ana sakin jiragen takarda ɗaure da zare suna tashi sama. Baturen Ingila mai ra'ayin riƙau zai toshe hanci, amma waɗannan mutane sun sauya haɗi sun riƙe rana, al'adarsu kuma tana da rai fiye da ta wanda ya riƙe haɗi ya saki rana. A Najeriya, duk da shekarun mulkin Ingila, burodin bai zama abincin gama-gari ba. A tsibirin Legas abincin wannan Juma'a shi ne firijon, wake da ake dafawa da madarar kwakwa, wanda 'yantattun bayi da suka dawo daga Barazil suka zo da shi.

Rukuni na uku shi ne mai zafi, domin ya taɓa addini da siyasa. A watan Maris na 2024 kantin Iceland na Birtaniya ya gwada fito da burodin da alamar maki, irin wadda malami ke yi a littafin ɗalibi, maimakon gicciye. Kamfanin ya ce binciken da ya yi ya nuna ɗaya cikin biyar na masu sayayyarsa sun fi son haka, kuma mai gicciyen yana nan ba a janye shi ba. Duk da haka 'yan siyasa suka yi ca, ciki har da ɗan majalisa Lee Anderson, ana cewa ana share Kiristanci daga ƙasar. Ba wannan ne karon farko ba. A 2003 wata babbar jaridar Lahadi ta buga cewa wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Tower Hamlets ta gabashin Landan mai yawan Musulmi, sun hana burodin a makarantu don kada a ɓata wa waɗanda ba Kirista ba rai. Hukumomin suka ƙaryata, jaridar ta janye labarin daga baya, amma ya riga ya zagaya, kuma har yau akan ji masu maimaita shi.

Abin da ke ƙarƙashin wannan fargaba yana cikin alƙaluman ƙidaya. A 2011 kashi 59.3 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales sun ce su Kirista ne. A ƙidayar 2021 adadin ya sauko zuwa 46.2, karon farko da ya gaza rabi. Waɗanda suka ce ba su da addini sun kai kashi 37.2, Musulmi kuwa 6.5. A Ostireliya ma haka hoton yake a 2021: Kirista 43.9, marasa addini 38.9. Duk mai kallon waɗannan lambobi zai ga cewa ba baƙi ne suka kwashe mutane daga coci ba, 'ya'yan gida ne suka daina zuwa. Shi ya sa nake ganin rigimar alamar maki kame-kame ce. Mutumin da bai yi azumin kwana 40 ba, bai taka coci ranar Juma'ar ba, yana cin burodin tun Janairu da cakulan a ciki, sai ranar da aka taɓa zanen fulawa ya tuna yana da abin karewa. Ma'anar gicciyen ta fara dusashewa tun ranar da aka raba burodin da ranarsa, kuma wannan aikin masu kanti ne da masu saye, ba na wani maƙwabci mai wani addini ba. Kiristoci masu riƙo da ibada da yawa ba su ma shiga hayaniyar ba, suna ganin imaninsu bai rataya a kan abin da kanti ya zana ba.

Su kuwa Musulmin da ke zaune a waɗannan ƙasashe, har da Hausawa ɗalibai da ma'aikata a Landan da Mancesta da Bamingam, tambayarsu daban ce, kuma tana tasowa duk shekara, musamman in yaro ya dawo da shi daga makaranta ko abokin aiki ya kawo ofis. A aƙidar Musulunci, kamar yadda aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta bayyana, ba a kashe Annabi Isa, alaihis salam, ba, ba a kuma gicciye shi ba. Saboda haka wasu suna guje wa burodin gaba ɗaya, suna ganin alamar da lokacin sun sa ya zama abincin ibadar wasu. Wasu kuma suna kallon abin da aka haɗa shi da shi, su ce fulawa ce da zabibi, musamman tunda yanzu ana sayar da shi kullum kamar kowane burodi. Wannan hukunci na malamai ne, kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa. Abin da bai buƙatar fatawa shi ne karanta takardar da ke jikin leda kafin a saya, domin wasu masu tsada akan jiƙa zabibinsu a barasa kafin a kwaɓa, na Jamaika kuma sau da yawa da giya a cikinsa.